Muhawara: Wa ya dace Cleveland Browns ta ɗauka da zaɓi na ɗaya da na huɗu?

Baban Khalifa, Cleveland (Litinin, 23 ga Afrilu, 2018)

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ranar Alhamis mai zuwa, 26 ga wata, da ƙarfe takwas na dare agogon gabashin Amurka, za a buɗe zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, a filin wasan Dallas Cowboys da ke Arlington a jihar Texas, kuma kamar yadda aka yi bara, ƙungiyarmu ta Browns ce za a fara kira. Bana kuma abin ya ƙaru, domin zaɓi na huɗu ma namu ne, sannan ga na 33 da na 35 da na 64 a zagaye na biyu. Ƙungiyar da ta buga wasa 32 cikin kakar wasa biyu ta ci ɗaya tak ba ta da wata ranar murna da ta wuce wannan, shi ya sa na ga ya dace mu baje kolin ra'ayoyinmu tun kafin John Dorsey, babban manajan ƙungiyar, ya miƙa takardarsa.

Ni dai matsayina ba ɓoyayye ba ne. Da zaɓi na ɗaya a ɗauki kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar kai hari, kuma wanda nake so shi ne Sam Darnold na jami'ar USC. Tun da ƙungiyar ta dawo gasar a 1999, mutum 28 ne suka fara wasa a wannan gurbi, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ya taɓa ganin irin rigar nan da magoya baya ke liƙa wa sunaye da salatif, ana soke na sama ana ƙara wani a ƙasa har jerin ya sauka ƙasan ƙugu. A 2016 mun sayar wa Philadelphia da zaɓi na biyu suka ɗauki Carson Wentz, ga shi a watan Fabrairun nan sun ɗaga kofi, ko da yake rauni ya hana shi buga wasan ƙarshe. A 2017 mun sake sayar wa Houston da zaɓi na 12 suka ɗauki Deshaun Watson. Sau biyu ke nan ana kawo mana abin har ƙofar gida muna cewa a kai kasuwa, kuma ban ga da wane ido hukumar ƙungiyar za ta dubi mutanen Cleveland ba idan ta yi na uku.

Darnold shekararsa 20 kacal, yana da jiki da natsuwa, kuma wanda ya kalli wasan Rose Bowl na Janairun 2017, inda USC ta doke Penn State da ci 52 da 49, ya san yaron ba ya rikicewa idan wuta ta yi wuta. Tun da an riga an karɓo Tyrod Taylor daga Buffalo, kuma koci Hue Jackson ya ce shi ne zai fara wasa bana, to Darnold zai samu shekara guda ya zauna ya koyi aiki ba tare da an jefa shi cikin ruwa ba. Ina sauraron masu ja.

Ɗan Samaru, Zariya

Wa alaikumus salam, Baba. Ni ƙarami ne a harkar nan, shekara biyu ke nan da fara bibiyar gasar, kuma na riƙi Browns ne saboda Emmanuel Ogbah da aka haifa a Legas. Akwai abin da har yanzu yake ɗaure mini kai. A gasar Firimiya ta Ingila, ƙungiyar da ta yi ta ƙarshe faɗawa take yi ajin 'yan dagaji, amma a nan sai na ga wadda ta fi kowa shan kashi ita ake ba wa damar zaɓen gwanin gwanaye. Shin wannan ba ya sa ƙungiyoyi su riƙa faɗuwa da gangan?

Tambayata ta biyu kuma ita ce, idan kowa ya yarda cewa Saquon Barkley na Penn State, mai ruga da ƙwallo, shi ne ya fi kowa iya wasa a cikin 'yan bana, me zai hana mu ɗauke shi da zaɓi na ɗaya, sannan mu ɗauki kwatabak ɗin da ya rage da na huɗu? An ce mutum huɗu ne manya a wannan gurbi, to ai ko Giants da Jets, masu zaɓi na biyu da na uku, sun ɗebi biyu, biyu za su rage mana.

Injiniya, Akron

Ƙanina Ɗan Samaru, tambayoyinka biyu suna da ma'ana, kuma ta biyun manyan masu sharhi ma suna yin ta a gidajen rediyon nan. Gasar NFL ƙungiyoyi 32 ne a rufe, babu mai shiga babu mai fita, kuma masu ƙungiyoyin suna raba kuɗin talabijin daidai wa daida, don haka riba a wurinsu ita ce kowane gari ya ci gaba da sa rai. Shi ya sa ake jera zaɓen daga wadda ta fi rauni zuwa wadda ta ɗauki kofi, zagaye bakwai cikin kwana uku, kuma a zagayen farko kowace ƙungiya tana da minti goma ta yanke shawara. Batun faɗuwa da gangan kuwa, 'yan wasa da kociyoyi ba sa yi, domin abincinsu ne a kai, amma hukumar ƙungiya tana iya sallamar tsofaffin 'yan wasa ta tara zaɓuɓɓuka ta haƙura da shekara biyu. Abin da Sashi Brown, wanda Dorsey ya gada, ya yi ke nan a nan kafin a sallame shi a watan Disamba. Ya kai ga karɓar Brock Osweiler daga Houston tare da albashinsa na dala miliyan 16, ba don yana son ɗan wasan ba, sai don zaɓin zagaye na biyu da aka haɗo da shi, wanda shi ne na 35 ɗin da Baban Khalifa ya ambata. Zaɓi na huɗun ma daga cinikin Watson ya fito, kuma ya hau sama haka ne saboda Watson ya ji rauni a gwiwa a watan Nuwamba, Houston ta ƙare da nasara 4 da rashin nasara 12.

A kan Barkley, babu mai musun baiwarsa. Mutum mai nauyin kusan kilo 106 ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.40 a gwajin da aka yi a Indianapolis, wannan ba abu ne da ake gani kullum ba. Matsalar a lissafin kuɗi take. Tun daga yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, albashin sabon ɗan wasa an ƙayyade shi gwargwadon lambar da aka ɗauke shi, ko mene ne gurbinsa. Kafin nan Sam Bradford, wanda aka fara ɗauka a 2010, an lamunce masa dala miliyan 50 tun bai taka fili ba. Yanzu idan ka ɗauki kwatabak a lamba ta ɗaya kuma ya yi kyau, ka samu shekara huɗu ko biyar kana biyansa ɗan abin da bai kai rabin farashin kasuwa ba, a lokacin da Minnesota ta ba Kirk Cousins dala miliyan 84 na shekara uku a watan jiya. Idan kuwa mai ruga da ƙwallo ka ɗauka a wannan lambar, tun ranar farko ya shiga sahun waɗanda suka fi kowa albashi a gurbinsa, babu wata rangwame da ka samu.

Sannan masu ruga da ƙwallo ana samunsu a ƙasa. Kareem Hunt, wanda ya fi kowa yadi a guje a kakar da ta wuce, a zagaye na uku aka ɗauke shi, kuma Dorsey ɗin nan ne ya ɗauke shi lokacin yana Kansas City. Alvin Kamara na New Orleans shi ma zagaye na uku ne. Mu kuwa mun ɗauki Trent Richardson a lamba ta uku a 2012, bai cika kaka biyu a nan ba aka tura shi Indianapolis. Batun a jira a ɗauki wanda ya rage kuma, wanda yake da zaɓin farko ya bari wasu biyu su zaɓa kafin shi a gurbin da ya fi komai muhimmanci, to ya ba da abin da rashin nasara 16 ta saya masa kyauta.

Maman Ihsan, Columbus

Salamu alaikum. Na yarda da Injiniya ɗari bisa ɗari a kan Barkley, amma Baban Khalifa, ka yi haƙuri, a kan Darnold ina da ja. Abin da ya kashe mu a kakar da ta wuce shi ne ba wa abokan hamayya ƙwallo. Kwatabak ɗinmu DeShone Kizer ya jefa 22 a hannun abokan hamayya, babu wanda ya kai shi a gasar gaba ɗaya, kuma da yawansu a dab da layin ci suka faru, bayan an sha wahalar turo ƙwallon tun daga wancan ƙarshen fili. To yaya za a yi maganin wannan ciwo da yaron da shi ma aka cafe masa 13 bara, ga kuma yawan sakin ƙwallo daga hannu idan an taɓa shi? Kun ambaci Rose Bowl, amma ba ku ambaci Cotton Bowl na Disamban da ya wuce ba, inda Ohio State ta lallasa USC da ci 24 da 7, kuma kurakuran Darnold ne suka buɗe ƙofar. Mu a nan Columbus kowane gida ya kalli wasan.

Wanda nake so shi ne Baker Mayfield na Oklahoma, kuma ku sani ba ƙaramin abu ba ne mazaunin Columbus ya faɗi haka. A watan Satumba ya zo garin nan ya ci Ohio State 31 da 16, sannan ya ɗauki tutar makarantarsu ya zagaya da ita ya je tsakiyar fili ya yi ƙoƙarin kafa ta a kan tambarin jami'ar. Washegari a wurin aikinmu babu maganar da ake yi sai ta rashin kunyarsa. Amma a ajiye wannan a dubi aikin. Cikin kowace jifa 100 da ya yi bara, sama da 70 sun isa hannun wanda aka nufa, ya jefa ta ci 43, an cafe masa 6 kawai, kuma shi ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Ba a shekara ɗaya ya yi haka ba, shekara uku ya yi a jere yana jan ragamar Oklahoma. Sannan sau biyu yana shiga ƙungiyar jami'a ba tare da an ba shi gurbin tallafin karatu ba, a Texas Tech da kuma Oklahoma, kuma duka biyun ya ƙwace matsayin farko da ƙarfin aikinsa.

Abin da ake riƙewa a kansa shi ne tsawo, wai bai cika ƙafa shida da inci ɗaya ba. Drew Brees ƙafa shida ne, Russell Wilson ma bai kai haka ba, kuma kowannensu ya ɗaga kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar NFL. Ni a ganina ɗakin 'yan wasan da suka yi shekara biyu suna fita fili da sanyin jiki yana buƙatar mutumin da bai san ya sunkuyar da kai ba.

Baban Khalifa, Cleveland

Hajiya, alƙalumanki daidai ne, ban ja da ko ɗaya ba. Sai dai a tuna cewa a rukunin jami'o'i na Big 12 Mayfield ya tara su, inda tsaron baya yake da rauni, kuma sau da yawa yana jefa ƙwallo ne ga mutumin da babu kowa kusa da shi. A watan Disamba a bakin tafkin Erie, iska na kaɗawa, 'yan Pittsburgh ko Baltimore na kanka, babu wannan sararin.

Abu na biyu shi ne hali. A Fabrairun 2017 'yan sanda sun kama shi a Fayetteville ta jihar Arkansas bisa zargin maye a bainar jama'a, kuma bidiyon ya zaga duniya. A watan Nuwamba kuma ga abin da ya yi wa 'yan Kansas a gefen fili, wanda ba zan iya rubuta shi a zauren da akwai iyaye mata ba. Mun ɗauki Johnny Manziel a lamba ta 22 a 2014, shi ma ɗan Texas, shi ma gajere, shi ma mai kyautar Heisman, kuma kowa ya san yadda aka ƙare cikin shekara biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Alhaji na Toledo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta bayananku duka, Allah ya ƙara basira. Ni na fara kallon Browns tun zamanin Bernie Kosar, ina gaban talabijin a Janairun 1987 lokacin da John Elway ya turo ƙwallo yadi 98 a tsohon filinmu ya hana mu zuwa Super Bowl, kuma ina nan a 1995 lokacin da Art Modell ya sanar da cewa zai kwashe ƙungiyar zuwa Baltimore, inda ta koma Ravens ta ɗauki kofi har sau biyu. Na faɗi wannan ne don ku san cewa irin wannan mako na ɗoki na gan shi ba sau ɗaya ba.

Kuna ta gardama a kan wane yaro za a ɗauka, ni kuwa damuwata ita ce gidan da za a kawo shi. Tim Couch, wanda aka fara ɗauka a 1999, ba shi da laifi irin yadda ake ba da labari. An sa shi a bayan masu tsaro da ba su iya kare shi ba, aka kayar da shi ƙasa sau 56 a shekararsa ta farko, jikinsa bai sake komawa daidai ba. Brady Quinn a 2007, Brandon Weeden a 2012, Manziel a 2014, dukansu a lamba ta 22, kowanne an kawo shi da kiɗa, kuma kafin ya gama sanin hanyar filin atisaye da ke Berea an canza masa koci ko an canza tsarin wasa. A 2004 Ben Roethlisberger, ɗan Findlay da ke kudu da mu kaɗan, yana nan a kan tebur muka tsallake shi muka ɗauki Kellen Winslow, Pittsburgh ta ɗauke shi a lamba ta 11. Mutane suna cizon yatsa a kan haka har yau, amma ni ina tambayar kaina ko da zai zama abin da ya zama in da nan ya zo. Pittsburgh kociyoyi uku kacal ta yi tun 1969. Mu tun da Jimmy Haslam ya sayi ƙungiyar a 2012, ku ƙirga da kanku.

Bana kuma ga wani giɓi da ban ji kowa ya taɓo ba. Joe Thomas ya yi ritaya a watan Maris. Mutumin nan tun da aka ɗauke shi a lamba ta uku a 2007 yake tsare gefen hagu, inda kwatabak ba ya ganin mai zuwa, ya buga yunƙurin kai hari 10,363 a jere bai fita ko sau ɗaya ba har sai da jijiyar hannunsa ta tsinke a watan Oktoba, kuma ya tafi bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba. Wa zai tsaya a wurinsa? Ko Darnold ne ko Mayfield, idan bayansa a buɗe yake, labarin Couch za a maimaita.

Sai kuma maganar cewa yaron zai zauna shekara guda yana koyo a bayan Taylor. Dorsey ya ga an yi haka a Green Bay, inda Aaron Rodgers ya yi shekara uku a bayan Brett Favre, kuma shi da kansa ya hau daga lamba ta 27 zuwa ta 10 bara ya ɗauki Patrick Mahomes, aka zaunar da shi a bayan Alex Smith. Amma waɗannan ƙungiyoyi ne masu cin wasa, kociyoyinsu ba sa tsoron kora. Hue Jackson yana da nasara 1 da rashin nasara 31. Idan aka shiga Oktoba ba mu ci komai ba, filin wasa ya ɗauki kiran sunan sabon yaro, kuna ganin mutumin da aikinsa ke rawa zai iya toshe kunne? Shi ne fa ya ce Kizer zai buga duk rintsi, sannan ya riƙa cire shi yana mayar da shi a tsakiyar wasa.

Ɗan Kumasi, Bronx

Gaisuwa ga Alhaji da sauran manya. Ni ɗan Jets ne, na shigo ne a matsayin maƙwabci, domin abin da kuka yi a lamba ta ɗaya shi zai yanke abin da zai iso mana a ta uku. Mun ba Indianapolis zaɓin zagaye na biyu har guda uku don kawai mu tashi daga ta shida zuwa ta uku, kuma babu mai biyan irin wannan farashi sai don kwatabak. Don haka Ɗan Samaru ya cire rai da cewa za a bar muku na kirki har lamba ta huɗu. Giants ma da ke ta biyu, Eli Manning shekararsa 37, ko da yake a nan New York yawancin masu magana suna ganin Barkley za su ɗauka.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wanda ya ambaci Josh Allen na Wyoming, alhali makonni ke nan ana danganta shi da Browns. Tsawonsa ƙafa shida da inci biyar, hannunsa ya fi na kowa ƙarfi, kuma ya saba wasa cikin sanyi da iska, wanda shi ne abin da Baban Khalifa ke nema. An san Dorsey da son irin wannan jiki. In don son raina ne, ku ɗauki Allen ku bar mana Darnold, mu yi muku godiya.

Maman Ihsan, Columbus

Ɗan Kumasi, mun gode da shawarar, amma mun gane inda ta dosa. Allen kashi 56 cikin ɗari na jifarsa ne suke isa, kuma a rukunin Mountain West ne, ba a gaban manyan makarantu ba. Kizer ma dogo ne mai ƙarfin hannu, mun ga inda aka kwana. Ƙila a ƙungiyar da ke da haƙuri da ƙwararrun masu horarwa a gyara shi, amma bayanin Alhaji ya isa ya nuna cewa mu ba ita ba ce.

Baban Khalifa kuma, kwatanta Mayfield da Manziel bai yi wa yaron adalci ba. Manziel shekara biyu ya yi wasa a jami'a, ya dogara da guje-guje da dabarar nan take, kuma matsalarsa ita ce ba ya zama ya yi nazarin wasa. Mayfield ya kammala shekarunsa, shekararsa 23, kuma ko masu sukarsa ba su ce malalaci ne ba. Rashin kunya daban, rashin riƙon aiki daban. Maganar Big 12 kuma, a wasan Rose Bowl na ranar 1 ga Janairu Oklahoma ta zura wa Georgia maki 48, kuma Georgia tana cikin masu tsaron baya mafi ƙarfi a ƙasar. Sun faɗi 54 da 48 bayan ƙarin lokaci sau biyu, amma ba don ya kasa jifa ba.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka ta gida ita ce ta ƙara mini ƙarfi. Idan har mun san cewa ba za a bar yaron ya zauna ba, to gara a ɗauki wanda ya fi kusa da nuna, ba ɗan shekara 20 da ke buƙatar a yi masa reno ba.

Injiniya, Akron (Talata)

Bari in karkato da mu zuwa lamba ta huɗu, domin a can ne nake ganin Dorsey zai iya ba mu mamaki. Idan Giants suka ɗauki Barkley, Jets suka ɗauki kwatabak, to duk wani ɗan tsaron baya na bana yana gabanmu. Mafi yawan mutane Bradley Chubb na North Carolina State, mai farautar kwatabak, suke kira, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Myles Garrett ɗinmu ya kayar da kwatabak sau 7 cikin wasa 11 kacal da ya buga bara, kuma idan aka sa Chubb a ɗaya gefen, babu ƙungiyar da za ta iya sa mutum biyu a kan kowannensu.

Duk da haka ni na fi karkata ga Denzel Ward na Ohio State, mai gadin masu cafe ƙwallo. Bara Gregg Williams, mai kula da tsaron bayanmu, ya riƙa ajiye Jabrill Peppers can nesa, kusan yadi 25 daga layi, har ya zama abin dariya, kuma dalilin shi ne ba shi da mutum ko ɗaya da zai iya riƙe mai cafewa shi kaɗai. Abokan hamayya sun gane haka, sai su jefa gajeriyar ƙwallo cikin daƙiƙa biyu kafin Garrett ya iso. Komai saurin mai farautar kwatabak, idan ƙwallon ta riga ta bar hannu aikinsa ya tashi a banza. A rukuninmu kuma manyan masu cafe ƙwallo Antonio Brown da A.J. Green muke fuskanta, sau biyu kowannensu a shekara. Ward ɗan nan arewa maso gabashin Ohio ne, tsakanin Akron da Cleveland ya tashi, amma ba don haka nake son sa ba.

Akwai hanya ta uku, wato a sayar wa Buffalo, waɗanda ke riƙe da lamba ta 12 da ta 22 kuma kowa ya san kwatabak suke nema. A can ƙasa ana iya samun mai tsaron hagu irin Mike McGlinchey na Notre Dame idan ya kai, a toshe giɓin da Alhaji ya nuna. A lissafi cinikin yana da riba. Sai dai na lura cewa mun yi shekara biyu muna cin riba a lissafi, kuma abin da sayar da Wentz ya fara haifar mana shi ne mai cafe ƙwallo Corey Coleman a lamba ta 15.

Ɗan Samaru, Zariya

Na gode, Yaya Injiniya, na fahimci batun kuɗin yanzu, ko da yake zuciyata tana nan a kan Barkley. Amma idan aka ɗauki Chubb, ina makomar Ogbah? Kafin ya karye a ƙafa a watan Nuwamba yana wasa mai kyau, musamman wajen tare masu ruga da ƙwallo. Mu a nan abin alfahari ne a ce shi da David Njoku da Larry Ogunjobi, dukansu masu tushe a Najeriya, suna ƙungiya ɗaya. Saboda wannan kaɗai na koma bayan Ward. A agogonmu ƙarfe ɗaya na daren Alhamis wayewar Juma'a za a fara, ina fatan wani zai riƙa rubuto mana abin da ke faruwa, domin intanet ɗina ba lalle ya ɗauki bidiyo ba.

Baban Khalifa, Cleveland (Laraba)

Ɗan Samaru, kada ka damu, zan riƙa rubutowa, kuma zaɓinmu biyu za su fito cikin kusan minti 40 na farko, sai ka je ka kwanta. Ogbah ba zai rasa wuri ba ko an ɗauki Chubb, domin a wannan layi ana juya mutane ne, babu mai buga kowane wasa.

Injiniya ya ambaci Coleman, sai abin ya dawo mini. Ranar 31 ga Disamba a Pittsburgh, ana 28 da 24, saura ƙasa da minti biyu, yunƙuri na huɗu, wato damar ƙarshe, Kizer ya kuɓuce wa masu kama shi ya jefa masa ƙwallo babu kowa a kusa da shi, ta bi ta tsakanin hannayensa ta faɗi. Da ita aka rufe 0 da 16, mu ne na biyu a tarihi bayan Detroit ta 2008. Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya na je jerin gwanon da magoya baya suka yi a kewayen filin wasa, cikin sanyin da ke sa gashin baki ya daskare, aka zagaya filin sau ɗaya don tafiyar ta zana sifili. Na ga wani dattijo da jakar takarda a kansa ya huda wurin idanu, yana riƙe da hannun jikansa. Ogbah ya fito ya soki taron, kuma na fahimci zafinsa, amma mutanen da suka fito a wannan sanyi ba maƙiyan ƙungiyar ba ne, ragowar kuɗin da aka tara ma wurin ciyar da mabuƙata na garin aka kai.

Hajiya, hujjarki ta ƙarshe ta yi nauyi, amma ina nan a kan Darnold. Ranar da ya yi gwajinsa a Los Angeles cikin ruwan sama, Haslam da kansa ya je, kuma mai ƙungiya ba ya tsallaka ƙasa don yaron da ba a da niyyar ɗauka.

Alhaji na Toledo (Alhamis)

Baban Khalifa, zuwan mai ƙungiya wurin gwaji ba abin kwantar da hankali ba ne a wurina, domin duk lokacin da hannun mai gida ya shiga zaɓen kwatabak a nan ba mu ji da daɗi ba. Fatana a bar Dorsey da mutanensa su yi aikin da aka ɗauke su dominsa, ko da wanda suka zaɓa bai yi mini ba.

Tun da safiyar nan rahotanni suka juya, gidajen rediyo da talabijin na wasanni suna ta cewa Mayfield ne, bayan an shafe watanni ana cewa Darnold ko Allen. Dorsey bai buɗe baki ba, don haka sai an karanta sunan za mu tabbatar. Idan haka ne Hajiya ta ci gari, Ɗan Kumasi kuma zai samu Darnold ɗinsa ba tare da ya roƙi kowa ba. Ni abin da zan zauna in jira shi ne gobe Juma'a, lamba ta 33 da ta 35. Idan aka wuce su biyun ba a ɗauki wanda zai tsaya a wurin Joe Thomas ba, ranar Asabar zan dawo zauren nan da magana, kuma Injiniya ya shirya mini sunayen waɗanda suka rage a wannan gurbi kafin lokacin.